Goggo da Moɗa Mai Jan Zare

Goggo ta rasu ran Laraba da hantsi, a ɗakinta na Bodinga, kanta bisa cinyata. Kafin la'asar an kai ta makwanci. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata kabari, ya sa abin da ta yi wa 'ya'yan mutane ya riga ta isa can.

Tun ranar nake zaune a tsakar gida ina amsa gaisuwa, ina jin yadda kowa ke ɗauko nasa ɓangaren na Goggo. Babana, wanda shi ne ƙanenta, bai yarda an ga hawayensa ba. Yana zaure yana gaya wa masu gaisuwa cewa yayarsa ba ta taɓa jin maganarsa ba tun suna yara, sai ya tashi neman buta. Malaman makaranta da ta koyar sun zo daga Danchadi da Dingyadi da Shagari. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon mutum mai gemu, ya ce har yau in ya shiga ɗakin da yara suke, gwiwarsa ke lanƙwashewa da kanta. Matar maƙwabcinmu ta sunkuyo ta raɗa mini, "Allah shi gafarta mata, amma goggonki akwai taurin kai." Na ce akwai. Ni za a gaya wa?

Sai wata tsohuwa, matar mai unguwar ƙauyen da na fara koyarwa, can wajen Horo Birni, ta gyara zama ta ce ita abin da ta sani guda ne, Malama ba ta shiga gida ba ta nemi ruwa ba. Mata suka kwashe da dariya, suka tuna gidan makoki ne, suka toshe baki da mayafi. Ni ma na yi dariyar, amma daga baya abin ya dame ni. Na ji tsoron kada a wayi gari abin da ya rage na Goggo a bakin mutane shi ne tsohuwa mai yawan ƙishirwa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san ruwan me take nema.

Zamanin farar hula ne, lokacin da makarantu suka yi ta tsirowa a ƙauyuka, malamai kuwa babu. Irinmu da muka ɗan taɓa karatu aka kwaso, aka danƙa mana ƙananan yara, 'yan aji ɗaya da waɗanda ba su ma kai ba, masu zuwa maƙale da zanen yayyensu. Aikin Goggo shi ne koyar da mu yadda ake riƙe su. In an yi hutu sai a tara mu kwas, ta zo a motar ofis da goronta a bakin zane da wata tsohuwar jaka da ba a taɓa ganin ta buɗe ba.

Abin da take fara yi shi ne ta sa a fitar da bencina waje. "Ku zamna ƙasa," in ji ta. Manyan mutane da manyan riguna, wasu sun haifi 'ya'ya sun aurar, duk sai sun zube a daɓe. Ita kuma ta tsaya a kanmu da bulala a hannu, ba ta dukan kowa, tana dai kaɗa ta. Sannan ta ce, "To, mi kunka gani?" Mu ce gwiwarki, Malama, da bakin bulala, da allo can sama kamar an rataye shi don tsuntsaye. Ta ce to shi ke nan duniyar yaro, wanda bai zauna cikinta ba kada ya ce zai koyar da shi.

Wata safiya ta shigo ta fara darasi da Fulatanci, don kakarta ta wajen uwa Bafulatana ce. Ta yi tambaya, ba mai amsa. Ta ɗaga murya, ta nuna ni da yatsa, ta girgiza kai kamar ta ga daƙiƙiya. Wallahi raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa. Sai da rana ta take sannan ta juyo Hausa ta ce, "Haka ɗiyan ruga ka ji, tun sahe har tashi, kuma ku ce ba su da kai." Wata rana ta sa muka wuni muna rubutu da hagu, don mu daina bugun hannun bahago. Ta kan tambaye mu wa ke zaune bakin ƙofa a ajinmu, ɗan wa ne, wa ya ajiye shi can. Yawancinmu ba mu taɓa lura akwai mai zaman bakin ƙofa ba.

Kwanakin nan yanzu ba sa zo mini a jere. Suna zuwa ne kamar abin da mutum ke gani in barcin rana ya fara ɗibarsa: haske yana zubowa ta hudojin kwanon rufi yana yawo a kan kawunanmu, ƙamshin randa da aka yayyafa wa ruwa, kukan kurciya daga bishiyar dalbejiya, da Goggo tana rera waƙar yara da muryar nan tata marar daɗi, tana tafi ba a kan kiɗa ba. Ba ta iya waƙa ba ko kaɗan, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata. Sunayen manya ma ba ta riƙewa, kowa "wane" ne ko "wance". Amma yaron da ta gani sau ɗaya, in ta dawo baɗi sai ta tambaya ina mai tsoron akuyar nan.

Da aka tura ni ƙauyen can wajen Horo Birni, na tarar da ajina ɗaki ne na ƙasa, da randa a lungu an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. A bango akwai ƙusa biyu, moɗa biyu. Ɗaya tsohuwa ce duk ta lotse, ita kowa ke sha da ita. Ɗayar sabuwa fil, fara mai zanen fure, an ɗaura mata jan zare a hannu. Hedimasta ya nuna mini ita yana murmushi, ya ce da kansa ya sayo ta a kasuwar Shagari, don yarinya guda.

Yarinyar ɗiyar mai gadin albasa ce a fadama. Ubanta ya yi ciwon kuturta, ya je asibiti ya sha magani har aka sallame shi, amma yatsunsa sun riga sun tafi. Ita kuwa lafiyarta lau, fatarta sumul, idanu manya. Iyayen yara suka ce sun yarda ta zauna aji, amma bakinta ba zai taɓa inda bakin 'ya'yansu ke taɓawa ba. Hedimasta ba mugu ba ne. A ganinsa ya yi dabara, har ya yi alheri, tunda tata moɗar ta fi ta kowa kyau.

Ita dai yarinyar ba ta taɓa moɗar nan ba. Lokacin bazara ne, zafin da ke sa ƙadangare neman inuwa. Yara su yi ta layi gaban randa, ita tana zaune bakin ƙofa tana lasar leɓe. In na ɗebo da mai jan zaren na kai mata, ta kau da kai. In na ɗebo da ta kowa, yara su ɗau ihu, kafin azahar magana ta kai gidajensu. Ran nan muna cikin waƙa sai na ga ta sulale ta kwanta a daɓe, idanu sun juye.

Da yamma ubanta ya zo. Bai ƙaraso ba, ya tsaya can gindin bishiya, hannuwansa cikin riga. Ya ce, "Malama, na gode da ƙoƙari. Amma in ruwa na ka kashe min ɗiya, bari in tahi da abina hwadama, can ba mai hana ta sha." Na roƙe shi ya ƙara mini haƙuri kaɗan. Na je wa hedimasta, ya ce in aka haɗa moɗa, iyaye za su kwashe yaransu, dama uzuri suke nema, a rufe ajin kowa ya huta. To ga inda muka tsaya: ko ta bar makaranta, ko aji ya watse.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Na fizge moɗar daga ƙusa, na shiga mota sai Bodinga, na dire ta gaban Goggo na ce rijiya zan jefa ta, kuma gobe in hedimasta ya yi magana sai ƙauyen ya ji mu. Goggo ta ɗauki moɗar ta juya ta, ta ce kai, kyakkyawa ce kuwa. Ta ce, "Kin jehwa ta rijiya, jibi a sawo wata. Ke da moɗa kika hwaɗa?" Nan na fashe. Na ce mata zaunar da manya a ƙasa abu ne mai sauƙi, a yi dariya a ci goro a watse, amma ga yarinya tana suma don ƙishirwa, kwas ɗinta bai ba ta ko kurɓi ba. Goggo ta dube ni. Ta ɓare goro, ba ta miƙo mini ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Na kwana, da safe na koma ƙauye. Na san na ji mata ciwo, amma har yau ban janye maganar duka ba, kuma ina jin ita ma ta san da gaskiyata a ciki.

Lokacin an fara tsuke bakin aljihu, motar ofis tana kan duwatsu ba taya ba mai, an ce kwas sai abin da hali ya yi. Ban sa ran ganinta ba. Sai ga ta wata safiya tana saukowa daga bayan motar albasa, zane duk ɓawo, tare da wasu malamai mata da ta bi gida gida ta kwaso. Ta ce kwas na bana a ajina za a yi. Ashe ta biya ta Shagari ta zaunar da malamin asibiti ta yi masa tambayoyi har ya gaji. Babana ya yi ta faɗa a kan tafiyar nan, wai mace mai shekarunta a bayan motar kaya, ina mutuncin gida. Ta ce masa, "Kai zamna ka tsare mutuncin, ni ina da aiki."

Ta mayar da moɗar kan ƙusarta. Ta je bakin ƙofa ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar, ta sa malaman nan suka zauna su ma, ta ce in ci gaba da darasina. Har aka tashi ita ma ba ta sha ruwa ba. Da yara suka watse sai ta kama hannun yarinyar ta ce, "Tashi, baƙuwata, ki raka ni gaisuwa cikin gari."

Gidan mai unguwa muka fara shiga, don matarsa ce kan gaba a zancen moɗa. Ta ga Malama babba daga Bodinga, ta rasa inda za ta sa mu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Kowa ya san ba a gaisawa da baƙo sai an ba shi ruwa. Ta shiga ɗaka ta fito da kwanon shanta na baƙi, wanda ake ajiyewa saman jere, ta cika shi, ta rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye. Goggo ta yi bisimilla ta kurɓa. Sannan ta juya ta kai kwanon bakin yarinyar ta ce, "Sha, baƙuwata."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi matar gida. Goggo ba ta sauke hannu ba. Can sai ta sa baki. Ina jin ƙarar haɗiyarta, ƙwat, ƙwat, kamar ba za ta tsaya ba, ruwa yana bin haɓarta yana sauka a wuya. Da ta ɗago, Goggo ta juya kwanon daidai inda bakin yarinyar ya taɓa, ta sha, ta miƙo mini, na sha, na miƙa wa ta kusa da ni.

Matar mai unguwa ta dafe ƙirji ta ce, "Haba Malama! Haba Malama!"

Goggo ta ce, "Baƙi munka shigo miki, wace za ki hana? Zamna in gaya miki abin da likita yac ce." Ta yi mata bayani dalla dalla, cewa uban ya gama magani ba ya sa wa kowa, yarinyar kuwa ba ta taɓa yin ciwon ba. Ta ƙara da cewa albasar da ke cikin miyar gidan nan, wa ke kwana yana gadinta? Sannan ta miƙa mata kwanonta da hannu biyu, ta yi ta zuba mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokin da ba a haifa ba, har matar ta shiga amsawa da amin.

Kafin mu kai gida na gaba labari ya riga mu ta kan katanga. Wasu suka fito mana da fasasshiyar ƙwarya, Goggo ta karɓa ta sha ta ba baƙuwarta. Wata ta ce wallahi ruwansu ya ƙare. Goggo ta miƙe ƙafa ta ce, "Ba mu sauri," muka zauna har aka je rijiya aka dawo. Wata kuwa muna miƙa mata kwano ta buga shi da ƙasa a gabanmu, ta tura shi da ƙafa. Na yunƙura zan yi magana, Goggo ta danne mini gwiwa, ta ce wa matar Allah shi mayar mata da wanda ya fi shi. Haka muka yi ta bi, ranar da washegari da wanda ya biyo. Cikinmu ya cika kamar salka, muna tafe ruwa na ƙugi. A bayan wani gida Goggo ta ce a tsaya, ita fa tsohuwa ce, mararta ba ta gwamnati ba ce. Nan na fara jin dariyar yarinyar, wata 'yar siririyar dariya, tana rufe baki da hannu.

Da muka gama, da wuya a sami gidan da ba ta sha a kwanonsa ba, kuma zamanin bai bar wa kowa halin zubar da kwanon baƙi ba. Aka wanke aka mayar saman jere. Aka zuba ido a ga wanda zai kamu, ba wanda ya kamu. Ban ce kowa ya sauko ba. Wasu gidaje sun janye yaransu, har da mai buga kwano, kuma nata ba su dawo ba har na bar garin, abin yana damuna in na tuna. Hedimasta ya kai ƙarar Goggo ofis, aka kira ta aka yi mata faɗa, ko a jikinta. Amma ajin bai watse ba, mai gadin albasa kuma bai zo ɗaukar ɗiyarsa ba.

Ran da za ta koma, Goggo ta zare ƙusa ɗaya daga bango, ta rataye moɗa biyun a kan ɗayar. Ta kwance jan zaren ta ɗaura a carbinta. Ba a yi nisa ba yara suka fara faɗa a kan mai furen, kowa ita yake so. A bakin mota ta ɓare goro ta miƙo mini rabi, ta ce, "Ke kuma ki rage baki." Na ce to, ban kuwa rage ba.

Da soja suka karɓi mulki aka yi ta sallamar ma'aikata, Goggo tana ciki. Ba ta daina ba. Ranar kasuwar Bodinga malaman ƙauye sukan biyo ta gidanta, ta zaunar da su ƙasa a tsakar gida, ta tambaye su wa ke bakin ƙofa bana. Yarinyar kuwa, da duk ƙauyen ya koma kira Baƙuwar Malama, ta gama firamare, ubanta ya rasu, ta auri wani tela a Shagari. Kunun tsamiya take yi a cikin gida, kuma unguwarsu nata ake aikowa a saya. Duk Sallah takan zo gaida Goggo. A kawo mata ruwa, ta sha rabi ta miƙa, Goggo ta shanye sauran. Ba su taɓa fasawa ba, ba su kuma taɓa yin zancen ba. Da muka zo yi wa Goggo wanka na ga zaren yana nan a carbinta, ya koɗe ya koma kalar ƙasa.

Ran sadakar uku Baƙuwar Malama ta iso, da goyo a baya da babbar roba ta kunu a ka. Ta sauke, ta durƙusa ta yi mana gaisuwa, ta zauna bakin ƙofar ɗakin Goggo. Na ji wata daga bayana ta ce ƙasa ƙasa, "Wagga ba ɗiyar kuturun nan ba ta? Kunun wa za a sha?" Jinina ya hau, na buɗe baki, sai na ji kamar an danne mini gwiwa. Na tashi na shiga ɗaka na ɗauko kwanon shan Goggo, na cika shi, na kai mata.

Ta yi bisimilla ta sha rabi. Sannan ta miƙa hannu gefen dama, inda Goggo ke zama kan buzunta, ba ta ko duba ba. Kwanon ya tsaya a iska. Sai a lokacin ta juya ta ga buzun a naɗe jingine da bango. Ruwan ya fara zuba a kan tabarma.

Matar mai unguwa ce ta taso, tana dafa bango saboda gwiwa. Ta ratsa mata ta zo ta zauna a wurin da ba kowa, ta ce, "Miƙo nan, ɗiyata." Ta juya kwanon daidai inda bakin Baƙuwar Malama ya taɓa, ta shanye, ta goge baki da gefen mayafi. Sannan ta dubi matan gida ta ce a kawo ludayi, ita tun safe ba ta karya ba.

Kunun nan ko ɗigo bai kai la'asar ba.